Kiyeshe: makarantar da ke buɗewa in lakwal ta rufe

Matafiyin da ya taso daga Doso bisa babbar hanya mai lamba 1, in ya wuce Kore Mai Ruwa, kafin ya hango dutsen nan da ya ba Dogon Dutsi suna, zai ratsa ƙasar Kiyeshe. Tsakanin Kiyeshe da Dogon Dutsi bai cika kilomita 20 ba. Ƙaramar hukuma ce ta karkara cikin jihar Doso. A shekarar 2011, da anka raba Arewa gida biyu, Tibiri ta zama gunduma mai zaman kanta, ta tafi da Kore Mai Ruwa da Gesheme da Dumega. Kiyeshe kuwa ta tsaya wajen Dogon Dutsi.

Ƙasa ce ta manoman hatsi da wake da gujiya, tana kwance cikin Dallol Mawri. Dallol kalmar Fulatanci ce, ma'anarta kwari. Tsohon gulbi ne da ya daina gudu tun shekaru dubbai. Ya taso daga arewa, ya gangara kudu, ya haɗu da Dallol Foga mai gishiri, kana ya kai kogin Kwara wajen Gaya. Gulbin ya mutu a sama, amma ruwansa na nan ƙarƙashin rairayi. Shi ya sa rijiyar cikin kwari ba ta kai ta bisa tudu zurfi ba.

Baƙo yakan tambayi kasuwa, ya tambayi rijiyoyi da gonaki. Da wuya ya tambayi kwaɗi. Alhali kuwa cikin tabkunan Kiyeshe akwai wata makaranta da ba ta da rufi, ba ta da kuɗin shiga, kuma kowane gida na iya ɗauko darasinta ya kai tsakar gida.

Daren ruwan farko

Wanda ya zo cikin watan Afrilu ba zai yarda akwai kwaɗo a ƙasar ba, in ban da ɗaya ko biyu da ke laɓe gindin randa. Tabkuna sun ƙafe, laka ta tsattsage, yara suna ƙwallo inda ruwa ya kwanta bara. Sai shamuwa ta iso daga kudancin Afirka ta kama gyaran sheƙa, manoma su fara duban gabas.

Ran da ruwan shuka ya sauka, yawanci cikin watan Yuni, ruwa yakan kwararo daga bisa duwatsu, ya bi ƙoramu, ya cika duk wani gurbi: tabkunan kwari, ramukan da anka haƙa don tubali, ramukan gefen hanya. A daren nan kwari yakan ɗauki kuka, har mai hira a tsakar gida sai ya ɗaga murya. Maza ne ke kukan, suna kiran mata. Kowane iri da muryarsa, kuma mace ba ta amsa sai ga irinta. Kafin gari ya waye an zuba ƙwai.

To, ga abin lura. Lakwal tana rufewa ƙarshen Yuni, ba ta buɗewa sai Oktoba. Duk rayuwar talibambam, tun daga ƙwai har ranar da ya yi tsallen farko, tana faruwa ne lokacin da mushe ya tafi hutu. Ɗan lakwal yakan ga hoton abin cikin littafi da rani, sa'ad da babu talibambam ko ɗaya a ƙasar. Da damana kuwa, ɗan lakwal da ɗan makarantar allo da wanda bai taɓa shiga aji ba duk suna gida. Malaminsu a wanga lokaci uwa ce, da uba, da kaka, da yaya.

A Amurka, wajen yaro 3 cikin 100 iyayensu ne ke karantar da su a gida. Wasu daga cikinsu sukan sayi akwatin gilashi su yi kiwon talibambam don yara su gani. A Faransa doka ta hana ɗebo ƙwai da talibambam na yawancin irin kwaɗi, saboda sun ragu. Abin da wasu ke saye da kuɗi, wasu kuma doka ta hana su, a Kiyeshe yana nan bayan gari.

Ina suke shiga da rani?

Yara da yawa suna zaton kwaɗi daga sama suke faɗowa tare da ruwa. Amsar tana ƙarƙashin sawunsu. Duk wanda ya san gaiwa ya san dabarar: ruwa na janyewa sai ta shige laka ta kwanta har wata damana. Kwaɗi ma haka. Akwai masu wani ƙaho mai kauri a dugadugan ƙafar baya, kamar ƴar hauya. Da shi suke haƙa, suna shiga rairayi da baya da baya, har su kai inda ƙasa ke da sanyi. Wasu manyan kwaɗin Sahel sukan lulluɓe jikinsu da tsohuwar fatar da sunka saɓule, ta bushe ta zama kamar jaka, ta hana ruwan jiki fita. Can suke kwana wata bakwai ko takwas, ba ci ba motsi. Danshin ruwan farko ne ke tashe su.

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Fatar cikinsa ce ke tsotsar ruwa in ya zauna bisa danshi. Mai karatu ya riƙe wannan, don zai yi amfani can gaba.

Kwaɗi iri-iri

Bahaushe ya ce kwaɗo, amma yaron da ya zauna bakin tabki zai rarrabe aƙalla iri uku.

Na farko shi ne kwaɗon gida, mai kaushin fata da gajerun ƙafafu, wanda ke zuwa gindin fitila da dare yana lasar ƙwari. Macensa tana zuba ƙwai dubbai a jere cikin wani zare mai yauƙi, kamar tasbaha. Ɗiyansa ƙanana ne, baƙaƙe, suna tafiya tare kamar garke.

Na biyu shi ne babban kwaɗon ruwa mai santsi, burduddugi. Masana suna kiran irinsa Hoplobatrachus. Yana da dogayen ƙafafu, ba ya nisa da ruwa, kuma babba yakan wuce santimita 10. Talibambam nasa mafarauci ne. Yana cin ɗiyan sauran kwaɗi, yana cin tsutsar sauro.

Na uku su ne masu haƙan nan na cikin rairayi. Gajeru ne, masu ƙiba. Ba a cika ganinsu ba sai daren ruwa, su yi ƙwai su koma.

Tseren talibambam da rana

Ƙasar Dogon Dutsi tana samun wajen milimita 500 na ruwa a shekara, kusan dukansa cikin wata huɗu. Ƙaramin gurbi kuwa rana tana sha daga sama, rairayi yana sha daga ƙasa. Don haka talibambam tsere yake da rana tun ranar da ya fito.

Cikin zafin damana ƙwai yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 1 zuwa 3. Abin da ya fito ba ya kama da uwarsa ko kaɗan: kai ne da wutsiya. Yana shaƙar iskar da ke cikin ruwa kamar kifi. Yawancinsu gansakuka suke kankara da ruɓaɓɓen ganye. Bayan kwanaki ƙafafun baya su tsiro. Na gaba suna girma a ɓoye ƙarƙashin fata, sai rana ɗaya su ɓullo. Huhu ya buɗe, baki ya faɗaɗa, dogon hanjin cin ganye ya gajarce ya zama na cin ƙwari. Wutsiya ba yankewa take ba. Jiki ne ke shanye ta, ita ce guzurinsa cikin kwanakin da ba ya cin komi. Wasu iri suna gama wanga aiki cikin sati 3, wasu sai wata ɗaya ko fiye.

In ruwa ya ɗauke kwana goma ko goma sha biyar bayan shuka, manomi ya san abin da ke biyo baya: hatsi ya ƙone, a sake shuka. Farin da ke kashe shuka shi ke kashe talibambam. Gurbi ya ƙafe, a tarar da su sun taru cikin ƴar laka, balbela da tururuwa suna biki. Da ruwa ya komo, kwaɗi su sake zuba ƙwai kamar yadda manomi ke sake ɗaukar iri. Wasu talibambam, in sunka ji ruwa na raguwa, sukan gaggauta rikiɗa, su fito ƙanana. Cikin ƙwai dubu, kaɗan ne ƙwarai ke zama kwaɗi.

Me ke ba jikin talibambam umarnin rikiɗa? A shekarar 1912, a birnin Prag na Turai, wani mai bincike, Gudernatsch, ya ba talibambam naman wata ƴar tsoka da ke wuyan doki. Cikin ƴan kwanaki sunka rikiɗe, sunka zama kwaɗi ƴan mitsi-mitsi tun lokaci bai yi ba. Wagga tsoka mutum ma yana da ita a wuya, ita ce ke kumbura a ce maƙoƙo. Ba ta aiki sai da sinadarin iyod. Talibambam da ya rasa iyod yakan tsaya bai zama kwaɗo ba. Yaron da ya rasa shi, girmansa da basirarsa sukan tauye. Dalilin da ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a sayi gishiri mai iyod ke nan.

Kasko a inuwa

Yaran Kiyeshe ba su jiri kowa ba, sun daɗe suna kamun talibambam cikin gwangwani. Sai dai gwangwani yakan yi zafi a rana, kafin la'asar duk sun mutu. Ga yadda babba zai mai da wasan ya zama karatu.

A samu tsohon kasko ko tukunya mai faɗin baki ko bokiti, wanda sabulu ko mai ko maganin ƙwari bai taɓa ba. A zuba ruwan sama ko na rijiya. In ruwan famfo ne mai magani, a bar shi ya kwana biyu tukuna. A aje a inuwa, gindin icce ko ƙarƙashin rumbu, inda kaji da agwagi ba su kai ba.

Babba ne zai ɗebo, daga bakin ruwa, da ludayi ɗaure a doguwar sanda. Kada a yi haɗama. Talibambam 10 sun ishi bokiti mai lita 10. In an ga wani babba mai ƙarfin baki yana bin sauran, na burduddugi ne, a ware masa nasa kasko.

Abinci: dutse ɗaya mai gansakuka daga tabkin, da ɗan ganyen salati ko alayyafo da anka dafa ba gishiri. Gishiri yana kashe su, ko da mai iyod ne. Abin da ke cikin ganye da ruwa ya ishe su. Kada a zuba tuwo ko fura, ruwa zai ruɓe. Duk bayan kwana biyu ko uku a kwashe rabin ruwan a ƙara sabo.

Ran da ƙafafun gaba sunka fito, a rage ruwa, a jingina dutse ko icce wanda zai hau. In babu, zai nutse ya mutu cikin ruwan da ya raine shi, don yanzu da huhu yake numfashi. Da wutsiya ta kusa ƙarewa, a mai da shi bakin tabkin da anka ɗebo shi, da maraice. Ɗan kwaɗo sai ƙwari masu rai yake ci, gida ba ya iya ciyar da shi.

Abin da yaro ke samu

Gani ya kori ji. Yaron da ya kwana ashirin yana leƙa kasko ya san abin da ba a manta shi.

Yana koyon ƙirga kwanaki: kowace safiya ya ja layi ɗaya da gawayi a bango, ya sa alama ranar ƙafar baya, ranar ƙafar gaba, ranar da wutsiya ta ƙare. Yana koyon awo: tsinken tsintsiya ya isa, a karya shi daidai tsawon talibambam kowane sati, a jera tsinkayen. Yana koyon lissafi: an ɗebo 10, biyu sun mutu, nawa sunka rage? Mai allo ya zana abin da ya gani ya rubuta sunansa, da boko ko da ajami. Gida biyu suna iya gwadawa: kasko ɗaya mai talibambam 5, ɗaya mai 20, ruwa daidai. Na wane ne za su fi girma? Yaron da ya yi zato, ya jira, ya duba, ya kama hanyar da manyan masu bincike ke bi.

Uwar da ba ta yi lakwal ba kada ta ce ba ta iya ba. Aikinta tambaya ce: me ka gani yau da ba ka gani jiya ba? A sa ɗiya mata cikin wanga karatu daidai da maza. Su ne ke zuwa ɗibar ruwa da wanki, su sunka fi kowa kusa da tabki. Kakanni kuma suna da nasu rabo: sunayen tabkuna, wanda ke riƙe ruwa har kaka, wanda ya cike da rairayi, yadda kukan kwaɗi yake kafin farin 1973 da na 1984.

Hattara da abu uku

Na farko sauro. Ruwan da ke raya talibambam shi ke raya tsutsar sauro, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne cikin zafi. Kada wani ya ce talibambam za su cinye ta. Yawancinsu ba su ci, sai na burduddugi. Don haka a rufe kasko da yankin tsohon sange. Amma kafin a zubar da tsutsar, a nuna wa yaro. Wadda ke rataye kai ƙasa, ta sauron da ke damun mutane ce da kuka. Wadda ke kwance miƙe a fuskar ruwa kamar tsinke, ita ce ta sauron zazzaɓi. Yaron da ya gane ta zai zagaya gida ya kifar da duk fasasshen tulu da tsohuwar taya. Wannan kaɗai ya biya wahalar kaskon. A kwana cikin sange, a kuma kai yara ƴan ƙasa da shekara 5 su karɓi maganin rigakafin zazzaɓi na damana.

Na biyu tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma cikin ƙananan katantanwa na tabki, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka. Alamarta jini cikin fitsari. Jinin nan ciwo ne, ba alamar balaga ba ce, kuma yana da magani a likita. Tun 2004 Nijar ta fara rabon maganin ga yara. Shi ya sa anka ce a ɗebo daga bakin ruwa da sanda. Duk katantanwar da ta biyo ludayi a fitar da ita. Ƙwayar da ta fito daga katantanwa ba ta wuce kwana biyu da rai cikin ruwa, amma in katantanwar na cikin kasko, kullum sabuwa take zubowa. Tsofaffi suna tune da kurkunu, wanda shi ma daga ruwan tabki yake. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da shi. Abin da anka yi wa kurkunu ana iya yi wa tsargiya.

Na uku ramin tubali. Bakinsa a tsaye yake, laka tana da santsi, zurfinsa ba ya ganuwa. Ƙaramin yaro kada ya je shi kaɗai. Sannan duk wanda ya taɓa kwaɗon gida ya wanke hannu kafin ya taɓa ido ko abinci, don ƙulluttan da ke bayan idonsa suna fitar da wani farin ruwa mai dafi.

Abin da ke rage kwaɗi

Kwaɗo ɗan ƙwadago ne da ba a biya. Dare duka yana cikin gona da garka yana cin fara da tsutsa da gara. Shi kuma abincin shamuwa ne da zalɓe da guza. Amma a duniya yana cikin wahala. Babban ƙidayar da masana sunka fitar a 2023 ta nuna kashi 41 cikin 100 na irin kwaɗi da danginsu suna fuskantar ƙarewa.

A ƙasa irin ta Kiyeshe barazana uku ce. Akwai maganin feshi. Tunda da fata kwaɗo ke sha, mai wanke famfon feshi cikin tabki ya zuba wa dubbai guba a lokaci ɗaya, ya kuma zuba wa dabbobin da za su sha. Akwai rairayi. In an sare itatuwan bisa tudu, ƙorama takan kwaso ƙasa ta cike tabki, ruwan da ke kai wata biyu ya koma kwana goma, talibambam ba su ƙara cin tsere. Jera duwatsu a gangare, da haƙa rabin wata, da barin sabara da ƙalgo su tofo, suna tsare gona, suna tsare tabki. Akwai kuma fatauci. Ana kama burduddugi a busar a kai kasuwannin kudu. Wani bincike da anka buga a 2010, wanda ya bi sawun sana'ar har Malanbil, tsallaken Gaya, ya nuna mutum 32 kaɗai a Najeriya suna hada-hadar kwaɗi sama da miliyan 2 da rabi a shekara. Neman abinci ba laifi ba ne. Amma wanda ya kwashe iyaye a daren da sunka taru yin ƙwai, ya ci irin shuka.

A 2004 an sa kudancin Dallol Mawri cikin jerin fadamun da duniya ta yarda a kiyaye, bisa yarjejeniyar da anka ƙulla a Ramsar ta ƙasar Iran a 1971. Takarda tana Yamai. Mai kiyaye tabkin bayan gari kuwa shi ne wanda ya san abin da ke cikinsa tun yana yaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Cikin Oktoba, in an ɗaure dammunan hatsi an kai rumbu, tabkuna su fara ja da baya. Kwaɗin bana su haƙa su shige ƙasa. Mushe ya komo ya buɗe aji. Yaron da ya zo masa da ƙirgar kwanaki da jerin tsinkaye bai yi hutun banza ba, wanda kuma bai shiga lakwal ba ya samu rabonsa a gida. Iyayen Kiyeshe da na sauran garuruwan Arewa, tun daga Matankari har Tibiri, a aje tsohon kasko ɗaya kafin shamuwa ta iso.

Allah ya ba da damana mai albarka, ya raya zuri'a.